Sunan da Ban Faɗa wa Na'ura Ba

Abin nan ya faru shekara biyu bayan wadda cuta ta hana mutane zuwa Makka, damina huɗu bayan rasuwar maigidana, a kakar da gyaɗa ta yi albarka har matan Kurni suka rasa buhunan zuba ta. Ni ban san lissafin shekarun Nasara ba. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin na ragu da komai saboda haka ba. Abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Malamar da ke haya a gidana ce take rubutawa, ni ina faɗa, na kuma gaya mata in ta zuba mini gishirin boko a magana zan gane ranar da za a karanta mini.

Duk wanda ya san Matameye ya san man gyaɗata. Ba yabon kai ba ne, ku tambayi direbobin Agadas. Da turmi ɗaya da kasko ɗaya na fara, ina amarya, har ya zama muna da injin niƙa da mangaza ta ajiyar kaya da mata masu suya da ba sa ƙirguwa da yatsun hannu biyu. Kowane bido, wato jarkar mai, da ya fita daga gidana, bakinsa a ɗaure yake da zare ja da baƙi, da wani ƙulli da kakata ta koya mini, mai komawa cikin kansa sau uku. Direba ba ya buɗe bidona ya ɗanɗana. Babban yatsa yake ɗorawa a kan ƙullin, in ya ji shi daidai ya ce a loda.

Hannu uku ne suka san ƙullin nan a duniya. Nawa, da na 'yar farina, da na Hajiya.

Hajiya aminiyata ce. Shekara ɗaya aka kawo mu unguwar nan, gida huɗu ne tsakaninmu. Ita Allah ya ba ta bakin magana da maza, ni ya ba ni hannun wuta. Saboda haka ita ce mai zuwa tasha da meri, ofishin magajin gari, da wurin 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito, ni ina bakin kasko. Gidan mai nawa ne, kowa ya sani, amma ita ce ƙafata. Kuma ita ce bakina a kan abu ɗaya da nawa bakin ba ya iya taɓawa, wato 'yar farina. Ranar sunanta Hajiya ce ta riƙe ta. Ranar da ta yi ƙyanda Hajiya ce ta goya ta zuwa asibiti, ni ina bin su daga nesa kamar wadda hanya ta haɗa su. Ranar aurenta ita ta sa ta a lalle. Haka muka tashi muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nema masa abu a gaban mutane. Shekara hamsin da ɗoriya, sunan yarinyar nan bai taɓa fitowa daga bakina ba. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi, in za ta yi mini magana sai ta kalli bango.

Amma shekara talatin tana gefena a bakin kasko. Da hanci take gane gyaɗa ta soyu, tun kafin ta canza launi. Tana da shekara arba'in ta shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayanta, ta fito tana karanta Hausa da lambobi. A zuciyata an daɗe da gamawa, gidan mai nata ne bayana. Ban faɗa ba, don ban ga wanda bai sani ba.

Ɗan Hajiya ne ya kawo maganar na'ura. Magidanci ne, ya yi aikin biro, wato ofis, a Damagaram shekaru, ya dawo gida. Ya ce manyan 'yan kasuwar Yamai da Agadas yanzu ba sa aiko direba da saƙon baki, a salula suke duba kaya su ce a aiko, wanda ba shi da ƙofa a intanet kamar ya rufe shago ne. Da farko na ce ni ƙofata ta ƙarfe ta ishe ni. Sai ga wata mata ta kawo mini bido daga kasuwar Magarya, da zare ja da baƙi a bakinsa, an ƙulla shi kamar ɗaurin akuya, man ciki kuma ko a fitila ba zan zuba shi ba. Ana sayar da shi da sunan gidana. Wannan ne ya karya ni. Na ce a kira mai aikin.

Ya zo daga Damagaram da kwalaye cike da bayan mota. Dattijo ne mai furfura a gemu, kowa Injiniya yake ce masa. Ya zaga gidan yana shaƙar iska, ya ce ko'ina mai, ko'ina hayaƙi, abinsa ba ya zama a nan. Ƙarshe ya zaɓi ɗan ɗakin da muke ajiye gishiri da buhunan banza. Aka share, aka toshe taga, aka hau rufi aka jera farantan sola, aka ja wayoyi ta cikin bango kamar jijiya. Sannan ya buɗe wani kwali ya fito da baƙin akwati, ya ɗora shi a kan tebur da hannu biyu kamar mai ajiye jariri.

Na ce, "Wannan ne ordinatar ɗin? Ina fuskarsa?"

Ya ce, "Inna, wannan sunansa sarbar. Ba shi da fuska. Shi maigida ne, yana ƙurya, ba ya fita. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarku daga Yamai, shi ne yake amsawa. Masu fuskar su ne 'yan aikensa."

Na ce, "Maigidan da ba ya fita, ba ya ci, ba ya faɗa? Ina kuka ɓoye irinsa muna 'yan mata?"

Ya yi dariya har ya tuɓe hula. Na sa aka kawo masa ƙuli-ƙuli mai zafi. Ya gatsa ɗaya ya riƙe kumatu, ya ce, "Inna, da wannan kuke gina katanga a Matameye?" Na ce haƙoran birni ne, burodi ya lalata su. Ya cinye kwanon tas.

'Yan aiken uku ne, ordinatar masu fuska, abin da wasu ke ce wa kwamfuta. Ɗaya ya ajiye a mangaza, ɗaya a ɗakin injin niƙa cikin akwatin gilashi, ɗaya a zaurena, inda 'yar farina za ta zauna. Kwana biyu yana zaune gaban baƙin akwatin nan da wata ƙaramar na'urarsa a cinya, yana danne-danne, fararen rubutu suna gudu kamar tururuwa. Wani lokaci ya yi tsaki ya goge ya sake. Na tambaye shi me yake yi, ya ce yana koya wa maigida aikin gidan ne, irin bidon da muke da su, da yadda zai karɓi saƙo ya miƙa wa 'yan aike. Ɗan Hajiya ya ɗauki hoton ƙullina aka sa shi a gaban ƙofar, babba, zaren ja kamar ka taɓa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Rana ta biyu da azahar ya zaunar da mu ya yi bayanin abin da ya kira sartifika. Ya ce iri biyu ce. Akwai wadda duniya take gani, ita ce ke sa wani ɗan kwaɗo irin na kulle ƙofa ya fito a saman fuskar salula, mai saye ya san ƙofar tamu ce ta gaskiya, ba wani ne ya yi shigarmu ba. Akwai kuma wadda zai sa a cikin kowane ɗaya daga ordinatar ukun, don maigida ya san na gida ne. Wadda ba ta da ita, ko ta kwana tana sallama ba za a amsa mata ba.

Na miƙa hannu na jawo bido, na ɗora yatsansa a kan zaren. Na ce, "Ka ce ƙulli mana, ka huta."

Ya ce, "Wallahi shi ne, Inna. Sai dai naki ba ya tsufa. Nawa shekara ɗaya yake yi ya mutu, sai an sabunta. Kuma mutum ɗaya ne yake da ikon sabuntawa, shi ne mai riƙe da mabuɗi. Shi zai ce a ba wannan, a hana waccan. Gobe in sha Allah zan buƙaci sunansa da lambar salularsa. Ku yi shawara, don abin da aka rubuta a nan ba a goge shi da yawu."

Bayan la'asar na ja Hajiya ɗakina, na sakaya ƙofa. Na ce, "Ƙawa, gobe za a tambayi suna. Kin san bakina ba zai iya ba."

Ta ce, "Haba! Sai kin faɗa? Wa ya riƙe ta ranar suna? Ke dai ki sunkuyar da kanki irin na iyayen ƙwarai, ki bar mini sauran." Ta dafa ƙirjinta. Ina ganin hannun har yau, da sabon lalle, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa.

Washegari da hantsi muka taru a ɗakin gishiri. Ni a kujera, Hajiya a gefena, ɗanta a tsaye bayan Injiniya, 'yar farina a durƙushe kusa da ƙofa, matan suya huɗu sun leƙo da zanin aikinsu. Akwatin yana ta ɗan gurnaninsa. Injiniya ya gyara tabarau ya ce, "To Inna, sunan wa?"

Na ja mayafi na sunkuya.

Ya jira. Ya ce, "Inna, mai mabuɗi. Wa za a rubuta?"

Na ɗan juya ido wajen Hajiya. Ta gyara murya, ta ce, "Ai Inna ta bar wa yara. Rubuta sunan ɗana, shi ya san Faransanci."

Na ɗauka kunnena ne. Na ɗago, ba ta kalle ni ba, tana gyara ɗankunne. Injiniya ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Haka ne, Inna?"

Ku da kuke karantawa za ku ce, to me ya hana ki ce a'a? Na sha tambayar kaina. A'a ba ta da nauyi. Abin da ke bayanta ne mai nauyi, don da na ce a'a zai ce to wa, ni kuma sai in buɗe baki a gaban ma'aikatana, a gaban baƙo namiji, in kira sunan 'yar farina, in nema mata abu ina ƙwace shi daga hannun ɗan aminiyata. Kafin magariba an kai shi kowace rijiya a garin nan, wance ta tsufa ta zubar da kunya. Ni da ake kawo wa amare in koya musu zama. Na sake sunkuyawa.

Hajiya ta yi 'yar dariya ta ce, "Shirun babba ai amsa ce, Injiniya."

'Yar farina ta miƙe ta ce wa bango gyaɗa za ta ƙone, ta fita. Injiniya ya danna abin da zai danna. Salular ɗan Hajiya ta yi ƙara a aljihunsa, lambar sirri ta shigo, ya karanto. Aka miƙo takarda da tawada, na dangwala yatsana, wannan yatsan da ke ƙulla zare.

Da aka watse na tare Hajiya a bayan mangaza. Na ce, "Ba haka muka yi da ke ba."

Ta kama hannuna biyu. Ta ce, "Ƙawa, na kwana ina tunani. In abin nan ya lalace, ita ce za ta yi magana da mutanen Yamai da Faransanci? So kike a yi mata dariya? Suna ne kawai a cikin akwati. Ɗana ɗanki ne, ita kuma 'yata ce tun kafin ke ki iya kallonta."

Na yarda. Ba don maganar ta shige ni ba, sai don in ban yarda ba, to shekara hamsin ɗin da na yi da matar nan me ke nan? Mutum yakan ga bango ya tsage ya rataya tabarma a wurin.

Shekarar ta yi kyau, ba zan yi wa na'ura ƙarya ba. 'Yar farina ta koyi abin cikin mako biyu. Da safe ta share zaure, ta yaye ƙyallen da take rufe ordinatar, ta duba ɗan kwaɗon nan, sannan ta karanto wa bango saƙonni, wane na Agadas yana son kaza, wance ta Yamai ta ce a ƙara mata ƙuli. Ina daga tsakar gida ina ji, ina yi kamar tsintar gyaɗa nake. Ba ta taɓa ɗaga maganar ranar nan ba, ko da ido.

A cikin shekarar ne ɗan Hajiya ya fara gini a hanyar Kance. Ya ce wurin ajiye bido ne, mangazarmu ta yi kaɗan. Na sa masa albarka. Da bazara ta yi tsanani ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, zafi zai kashe sarbar. Can na sa na'urar sanyi. A mai da shi can, aiki ba zai tsaya ba." Na taɓa akwatin na ji shi kamar murfin tukunya, na ce a ɗauka. Gaskiya ya faɗa, aiki bai tsaya ba. Sai matan Dungu masu kawo mana gyaɗa suka fara raguwa, in na tambaya a ce sun sauke a can, ya fi musu kusa. Hajiya ma ƙafarta ta ɗauke, ta ce gwiwa ce. Na dafa mata magani na aika.

Wata safiya, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa, 'yar farina ta zo bakin ɗakina ta tsaya. Ta ce wa ƙyauren ƙofa, "Yaya, ta ƙi ni."

Na bi ta zaure. Fuskar ordinatar ta yi wani ja, da rubutun da ba na Hausa ba. Ta danna, ta sake dannawa. Ta kashe ta kunna. Ta je ta mangaza, haka, ta ɗakin inji ma haka. Ta kira ɗan Hajiya, salula tana shiga ba a ɗauka. Na tuna maganar Injiniya, na ƙirga da kaka, shekara ta cika cif. Amma na ce wa kaina mantuwa ce, yau ko gobe zai zo ya gyara.

Kwana uku muna haka, ba saƙo ko ɗaya. A na huɗu ina zaune a ƙofar gida sai ga kamiyon wani tsohon direbanmu na Agadas, a cike, ya rage gudu ya tsaya don ya gaishe ni. Ya sauko yana cewa, "Inna, ina gajiya? Kai, sabon wurin nan naku ya yi kyau! Har inji biyu. Allah ya ƙara buɗi."

Na ce amin. Na ce ya sauko mini da bido ɗaya in gani. Ya sauko da shi. Zare ja da baƙi. Na rufe ido na ɗora babban yatsa, ina roƙon Allah in ji ɗaurin akuya irin na Magarya. Ƙullin ya koma cikin kansa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Har ɗan jan da Hajiya take yi wa bakin zaren hagu, don ita bahaguwa ce.

Ban sa takalmi ba na tafi gidanta. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ƙafa a miƙe, da ƙullin zare ja a cinya. Ba ta ɓoye ba.

Ta ce, "Ƙawa, ke ce da rana tsaka? A kawo mata ruwa."

Na ce, "Gwiwar ta yi sauƙi, na gani."

Ta ce, "Zauna mana."

Na ce, "A tsaye kika bar ni, a tsaye zan yi magana. Kin dafa ƙirji a ɗakina ko ba ki dafa ba?"

Ta ce, "An tambaye ki sau uku a gaban shaidu. Yatsan wa ke kan takarda?"

Na ce, "Ke kin san abin da shiruna yake nufi. Duk duniya ba wanda ya kai ki sani."

Ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido, ta ce, "Na sani. Na'ura ce ba ta sani ba." Sannan ta ajiye zaren. "Shekara hamsin ana cewa man wance, man wance. Ƙafar wa ta tsage a tasha? Wa 'yan duwan suka zaga? Ko sau ɗaya kin taɓa cewa namu? Ke kina kunyar taki, ni ba na kunyar nawa, na uku ne. Ni ma haihuwa na yi, ba tsinta ba."

Na ce, "Da kin roƙe ni rabin gidan, da na ba ki."

Ta ce, "Shi ya sa ban roƙa ba. Na gaji da a ba ni."

Yarinyar gidan ta kawo ruwa a kofin silba. Ban karɓa ba. A gidan da na ci tuwo ya fi sau dubu. Na juyo, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa, ban ji ba sai da na isa gida.

Abin da ya fi ci mini rai ba injin ba ne, ba 'yan kasuwar ba ne. Da ɓarawo ne ya haura katanga, da na ce ƙaddara. Matar nan kunyata ta ɗauka, abin da na ba ta ajiya tun ina da cikin fari, ta yi mabuɗi da ita ta buɗe gidana.

Bayan mako ɗaya na ce wa 'yar farina, ta bakin jikata, ta shirya za mu Damagaram. Muka shiga mota ɗaya, ita a baya ni a gaba. Muka sami Injiniya a shagonsa cikin tarin wayoyi. Da ya ji labari ya cire tabarau ya daɗe yana goge su. Ya ce ba shi ya sabunta ba, mai mabuɗi ba ya buƙatarsa, ya sabunta wa na'urorin sabon wuri ya bar namu suka mutu.

Ya ce, "Inna, ni ma ina da laifi. Na ga idonki ranar nan. Sai da na wuce Kance a hanyar komawa na tuna tsohuwata, har ta rasu ba ta kira sunan yayana ba. Na ce in juyo, na ce kuma ba a shiga tsakanin aminai."

Na ce, "To ƙwato mana."

Ya ce, "Ba ni da iko. Ƙofar da sunanta da kwaɗonta duk suna hannunsa, da yatsanki a ƙasa. Sai dai shari'a."

Na ce ni ba zan tsaya gaban alƙali da matar da ta goya 'yata zuwa asibiti ba. Ba don ita ba, don ni.

Ya ce, "To abin da zan iya, in gina muku sabuwa. Sabon sarbar, sabon suna, sabuwar sartifika. Amma ki sani, salular 'yan kasuwa tsohuwar ƙofa ta sani. Za ku fara ne kamar ranar turmi ɗaya." Ya jawo takarda, ya ɗauki alƙalami, bai kalle ni ba. "Kuma tambayar tana nan, Inna. Ba ni na ƙirƙire ta ba. In kin fi so, ita ta faɗa da bakinta, ke ki ɗaga kai kawai."

'Yar farina ta yunƙura za ta fita, don ta sauƙaƙa mini, yadda ta saba tun tana ƙarama. Na ce, "Zauna." Wannan ma ita ce kalma ta farko da na taɓa faɗa mata kai tsaye a gaban wani. Ta koma ta zauna.

Na ce, "Injiniya, ɗaga kai da sunkuyar da kai su suka kawo ni nan. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Rubuta."

Na faɗi sunan. Ya fito a karkace, kamar ƙofar da ta shekara hamsin ba a buɗe ba. Ba Injiniya na kalla ba, kuma ba ita ba, wata waya na kalla a ƙasa. Sai na ji daga gefena, da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba, an ce, "Na'am."

Ba kiranta na yi ba. Ita ma ta sani. Bakinta ne ya riga ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, mace mai jikoki. Injiniya ya duƙufa a kan takardarsa ya daɗe yana rubuta suna ɗaya.

Kada malama ta rubuta cewa komai ya dawo, don bai dawo ba. Yawancin 'yan kasuwar suna can, suna ganin hoton ƙullin kakata da ɗan kwaɗo a samansa, kwaɗon yana shaida musu cewa ƙofar ta gaskiya ce. Kaɗan ne suka biyo hanci suka dawo. Matan suyarmu sun ragu, rabi sun bi inji biyu, ban riƙe su a rai ba. Zare ja da baƙi kuma na hana a sake shigo da shi gidana. 'Yar farina ta ƙirƙiro nata ƙullin da shuɗin zare. Ta zo za ta nuna mini, na aika mata cewa kada ta koya wa kowa, har ni, don ni an ga yadda nake da ajiya.

Daga cikin waɗanda suka tsaya a ɗakin gishiri ranar nan, biyu daga matan suya sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Direban Agadas ma ya rasu bara, bai taɓa sanin abin da ya sauko mini da shi ba. Injiniya yana nan, duk kaka yana zuwa ya zauna gefen 'yar farina tana sabunta sartifika da hannunta, yana cin ƙuli yana zagin ƙuli. Ɗan Hajiya yana nan, in ya hango ni sai ya canza hanya. 'Yar farina tana nan a zaure, har yanzu bango take yi wa magana, ni ma ban sake faɗin sunan ba, sau ɗayan nan ne. Hajiya tana nan, gida huɗu tsakaninmu. Gwiwar da ta yi ƙarya da ita yanzu ta kama ta da gaske. Mukan haɗu a gidan suna ko gidan rasuwa, ta ce ina kwana, in ce lafiya lau, a shimfiɗa mana tabarma ɗaya don mutane sun saba, mu zauna kowa yana kallon gabansa.